Yadda Ake Haɗa Rifitar Ko-ta-kwana a Tashar Rediyon Oba-oba

Ma'aikatun da aikinsu ya rataya a kan rediyon oba-oba, irin su masu kashe gobara, motocin ɗaukar marasa lafiya, kamfanonin gina hanya da masu gadin manyan masana'antu, duk maganarsu tana bi ne ta cikin na'ura guda da ke ɗakin gindin turken eriya, wadda masu sana'ar ke kira rifita. Ita ce take karɓar muryar rediyon hannu mai ƙarfin wat 4 ko 5 a kan wata mita, ta sake cilla ta a kan wata mitar dabam da ƙarfin wat 40 ko 50, ta yadda wanda ke wannan gefen gari zai ji na wancan gefen. Ranar da ta tsaya, kowa zai koma jin na kusa da shi kawai. Shi ya sa ake ajiye rifita ta biyu a kunne tana jira, domin ta karɓi aiki da kanta da zarar ta farko ta gaza, ba sai injiniya ya taso daga gida ba.

Sayen ta biyun shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne wajen tabbatar da cewa na'urorin biyu ba za su taɓa watsawa a lokaci guda ba, abin da ya kashe ta farko ba zai haɗa da ta biyu ba, kuma idan sauyi ya auku akwai wanda zai samu labari. Misalin da za a bi a nan shi ne tashar VHF, wadda mitocinta ke tsakanin megahaz 136 da 174, mai turke ɗaya da rifita biyu iri ɗaya masu ƙarfin wat 50 da ke aiki da bolt 12. Tsarin ɗaya ne ga tashar UHF ta megahaz 400 zuwa 470. Wadda ke kan aiki za a riƙa kiranta ta farko, mai jiran kuma ta ko-ta-kwana.

Mataki na 1: Tantance abin da na'urorin za su yi tarayya a kansa

A ɗauki takarda a zana tashar tun daga ƙololuwar turke har ƙasa: eriya, kebul ɗin da ya sauko, makarin tsawa, dufleksa (wato na'urar da ke barin karɓa da watsawa su yi amfani da eriya ɗaya a lokaci guda), rifita, caja, batir, da layin intanet idan akwai. Duk abin da na'urorin biyu za su yi amfani da shi tare a kewaye shi da jan biro, domin ranar da ya lalace tashar ta mutu ko da rifita goma aka jera a ɗakin.

Tsari mafi inganci shi ne kowace rifita ta samu eriyarta, kebul ɗinta da dufleksarta. Kuɗinsa ya fi yawa, kuma eriya ta biyu yawanci a ƙasa da ta farko take samun wuri, saboda haka ba ta kai ta nisa. Duk da haka, a ganina wanda tasharsa ke kan tsauni, ko a wurin da zuwansa ke cin yini guda, ya daure ya yi hakan, tun da eriya da kebul su ne ke shan ruwa, iska da aradu, na'urorin kuwa suna cikin ɗaki. Mafi yawan ma'aikatu eriya ɗaya da dufleksa ɗaya suke da ƙarfin yi, kuma shi ne tsarin da ya fi buƙatar bayani, don haka shi za a bi.

A duba takardar lasisi tun yanzu. Ta ko-ta-kwana za ta yi aiki ne a kan mitocin da aka riga aka bayar, da ƙarfin da aka amince da shi, daga wurin da aka rubuta. A Najeriya hukumar NCC ko Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ce ke bayar da mita gwargwadon nau'in aikin, a Nijar kuma hukumar ARCEP, kuma wanda zai ƙara eriya ko ya sauya tsayinta ya kamata ya tuntuɓe su tukuna.

Mataki na 2: Daidaita na'urorin a kan tebur kafin a kai su tasha

Na'urorin su kasance samfuri ɗaya, manhajar cikinsu kuma lamba ɗaya. A karanto saitin ta farko a kwamfuta, a adana fayil ɗin da kwanan wata, sannan a zuba shi cikin ta ko-ta-kwana. Dole mitar karɓa da ta watsawa su zama ɗaya, haka faɗin tasha, ko kilohaz 12.5 ko 25, haka ƙarfin watsawa, da tsawon lokacin da rifita ke riƙe layi bayan an saki maɓallin magana, da iyakar lokacin da take bari mutum ɗaya ya yi ta magana. A tsarin analog a tabbatar ɓoyayyen sautin CTCSS ɗaya ne, wanda akan zaɓa tsakanin haz 67.0 da 254.1, a tsarin dijital na DMR kuma a tabbatar lambar launi, wadda ke tsakanin 0 da 15, ɗaya ce. Sunan na'ura, lambar shaidarta da adireshin IP su ne za su bambanta. Kada a kwafi alƙaluman daidaitawar da masana'anta ta yi wa na'ura ɗaya zuwa ɗayar, domin kowace an auna nata ne da kayan cikinta.

Daga nan a haɗa kowace da lodin gwaji mai om 50 wanda ke ɗaukar aƙalla wat 100, wato abin da ke shanye ƙarfin rediyo ya mai da shi zafi maimakon ya fita iska. A auna ƙarfin da ke fita, daidaiton mita, da lilon murya, wato yadda murya ke karkatar da mita, wanda bai kamata ya wuce kilohaz 2.5 a tashar 12.5 ba, ko kilohaz 5 a tashar 25. Sai a auna kaifin sashen karɓa da na'urar gwajin rediyo: rifita mai lafiya takan ba da SINAD, wato ma'aunin tsabtar sauti, na desibel 12 da siginar da ba ta wuce maikurobolt 0.25 zuwa 0.35 ba. A rubuta sakamakon duka biyun a littafin tasha. Idan tazarar jinsu ta kai desibel 3, a gyara mai raunin kafin a ci gaba, in ba haka ba ranar sauyi rediyoyin da ke bakin iyakar zango za su ɓace. Yana da kyau a bar sabuwar na'ura a kunne kwana biyu tana watsawa cikin lodin lokaci-lokaci, domin aibin da aka taho da shi daga masana'anta yakan bayyana da wuri.

Mataki na 3: Hanyar eriya

Dufleksa tana da baki uku: na eriya, na watsawa da na karɓa. A bakin watsawa ake sa rilen eriya, wato makunnin da wuta ke juyawa, wanda ke zaɓen na'urar da ƙarfinta zai wuce. A nemi mai om 50, mai mahaɗin N, wanda ke ɗaukar fiye da wat 50 a mitar da ake aiki, wanda kuma ke raba bakunansa da aƙalla desibel 60. Desibel 60 na nufin kashi ɗaya cikin miliyan, wato daga wat 50 abin da zai zurara zuwa ɗaya na'urar bai wuce miliwat 0.05 ba, kuma wannan ba ya cutar da komai. Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne rilen ya kasance yana da ƙananan bakunan shaida a gefensa, waɗanda ke rufewa gwargwadon ɓangaren da ya karkata, domin a kansu za a gina mataki na gaba.

Idan da hali a sayi rile mai baki huɗu, wanda yayin da ya haɗa na'ura ɗaya da dufleksa yake haɗa ɗayar da lodin gwaji. Da shi ko da kuskure ya sa ta ko-ta-kwana ta yi watsawa alhali ta farko tana kan aiki, ƙarfin zai ƙare a cikin lodin. A haɗa shi ta yadda idan babu wuta a kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke juya shi, zai kwanta a ɓangaren ta ko-ta-kwana.

A bakin karɓa akwai zaɓi biyu. Ana iya sa rile na biyu, wanda asararsa kaɗan ce amma yana barin mai jira ba ta jin komai. Ana kuma iya sa sifilita ta raba sigina gida biyu, wadda ke cin ɗan abin da ya haura desibel 3, wato rabin ƙarfin abin da eriya ta kamo, kuma rediyon hannu mai wat 5 da ke nesa shi ne zai fara jin wannan a jikinsa. Amfanin sifilita shi ne na'urorin biyu suna saurare tare, don haka a kowane lokaci ana iya kwatanta ƙarfin siginar da kowace ke nunawa a gane wadda ta fara kurmancewa. Inda zango ke da rara na fi son sifilita saboda wannan dalili. Inda ake fama da gefen gari, rile ya fi. Wanda ya zaɓi sifilita ya kula kada a kawo masa irin ta dish ɗin talabijin da ke cike da kasuwa, domin waccan om 75 ce, kuma ba a yi ta don wannan aiki ba.

Gajerun kebul ɗin da ke tsakanin waɗannan kaya su zama masu saƙa ninki biyu, kamar RG-214 ko RG-400, domin RG-58 yana yoyon sigina har watsawa ta toshe jin na'urar. Kebul ɗin da ke tsakanin gwangwanayen dufleksa kuwa kada a taɓa su, tsawonsu yana cikin daidaitawarta.

Mataki na 4: Da'irar sauyawa

A nan ne akasarin tashoshi ke samun matsala, don haka za a bi shi a hankali. A bayan kowace rifita akwai soket mai ƙafafu da yawa, kuma a cikin manhajar saiti ake ba kowace ƙafa aikinta. Ana buƙatar biyu daga kowace na'ura: ƙafar fita mai nuna babban gargaɗi, da ƙafar shiga mai hana watsawa ko ba da izininsa. A rifitocin MOTOTRBO na Motorola duka biyun suna cikin jerin ayyukan da ake iya ba ƙafafun soket, a Tait TB8100 kuma akwai sashen Task Manager inda ake rubuta cewa idan kaza ya faru a yi kaza. Lambar ƙafa ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka daga littafin na'urar za a ɗauko ta.

Abu na farko shi ne a juya ma'anar ƙafar gargaɗi ta zama alamar lafiya: muddin ta farko tana lafiya ƙafar tana haɗe da ƙasa, idan ta samu matsala kuma ta saki. Dalilin shi ne na'urar da fiyus ɗinta ya ƙone ba ta da wutar da za ta ba da gargaɗi, amma sakin ƙafa ba ya buƙatar wuta. Haka idan wayar ta tsinke ko ɓera ya ci ta, sakamakon ɗaya ne. Idan manhajar ba ta yarda da juyawar ba, a yi ta da ƙaramin rile da ke shan wuta daga bayan fiyus ɗin ta farko.

Wannan alama ita ce za ta riƙe ƙaramin rile na bolt 12 mai harsuna biyu ko uku, wanda za mu kira rilen umarni. Kada a haɗa kwayil ɗin rilen eriya kai tsaye da ƙafar soket, domin wutar da ƙafar ke iya ɗauka kaɗan ce. A kan kowane kwayil a ɗaura dayod 1N4007, zoben da ke jikinta yana fuskantar jar waya, domin ta shanye wutar da kwayil ke tofowa baya idan an yanke shi. Rashin wannan ƙaramar dayod ya isa ya ƙona ƙafar soket.

Sai izinin watsawa. A saita kowace na'ura ta yadda ba za ta watsa ba sai ƙafar izininta tana haɗe da ƙasa, sannan a bi da wayar izinin ta cikin ƙofofi biyu a jere. Wayar ta farko za ta bi ta bakin rilen umarni da ke rufewa idan yana riƙe, sannan ta bi ta bakin shaidar rilen eriya da ke rufewa idan eriya tana ɓangarenta. Wayar ta ko-ta-kwana za ta bi ta bakin rilen umarni da ke rufewa idan ya saki, sannan ta bakin shaidar ɗaya ɓangaren. Tun da harshen rile ba ya taɓa baki biyu a lokaci guda, babu yadda za a yi na'urorin su samu izini tare, kuma babu wadda za ta watsa alhali eriya ba ta wurinta.

Tsakanin rilen umarni da rilen eriya a sa taima mai jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ga yadda abin zai gudana: rilen umarni ya saki, nan take izinin ta farko ya yanke ta yi shiru, bayan rabin daƙiƙa rilen eriya ya juya, bakin shaida ya rufe, sannan ta ko-ta-kwana ta samu izini. Wannan jinkirin yana hana rilen eriya juyawa yayin da wat 50 ke bi ta cikinsa, abin da ke haifar da tartsatsi ya cinye bakunansa, har ya zama rilen da aka sa don kariya shi ne ya fara lalacewa. A auna lokacin da na'urar ke ɗauka ta yi shiru bayan an cire mata izini, idan ya fi haka a ƙara jinkirin.

Akwai wani jinkirin dabam a gaban rilen umarni, na daƙiƙa 3 zuwa 5, domin kada ɗan gargaɗin da ya zo ya wuce, kamar girgizar wuta lokacin da janareta ke karɓa, ya jawo sauyi. Sannan a sa rilen umarni ya riƙe kansa ta ɗaya daga harsunansa, ta yadda idan ya saki ba zai koma ba sai mutum ya danna maɓallin maidowa. Wasu sun fi son tashar ta koma kan ta farko da kanta idan gargaɗi ya kau, amma ban ga hikimar hakan ba. Na'urar da zafi ya tsayar za ta huce ta ce ta warke, a mayar mata da aiki, ta sake zafi, a yi ta kai da komo ana yanke wa mutane magana dare da rana.

Saura abubuwa uku ƙanana. A haɗa alamar lafiyar ta ko-ta-kwana ta yadda idan ita ma tana cikin gargaɗi rilen umarni ba zai saki ba, domin rifitar da ke fitar da wat 10 ta fi wadda ba ta fitar da komai. Wutar da'irar ta fito daga baturan na'urorin biyu, kowane ta cikin dayod ɗinsa da fiyus ɗinsa. Sannan a sa makunni mai matsayi uku, na ta farko, na kai-da-kai, da na ko-ta-kwana, tare da fitilu biyu masu nuna wadda ke kan eriya, kuma makunnin ya yi aiki a kan rilen umarni, kada ya tsallake zuwa rilen eriya. A sani cewa idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya ta dawo, tashar za ta tashi a kan ta ko-ta-kwana, domin ta farko ba ta ba da alamar lafiya sai ta gama tashi. Wanda bai so haka ya ƙara taimar da za ta yi aikin maɓallin maidowa sau ɗaya, bayan minti biyu da dawowar wuta.

Mataki na 5: Zaɓen gargaɗin da ya cancanci sauyi

A cikin manhaja a ware matsalolin da za su sa alamar lafiya ta saki: mutuwar sashen ƙara ƙarfi, faɗuwar ƙarfin watsawa ƙasa da rabi, kuɓucewar mita daga inda aka kulle ta, zafin da ya tsayar da watsawa, da faɗuwar bolt ɗin batirin na'urar. Ɗaukewar wutar gari, tsayawar fanka da buɗe ƙofar ɗaki a bar su a matsayin ƙaramin gargaɗi, a aika labarinsu kawai.

Gargaɗin VSWR, wato yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya, yana buƙatar tunani. A 1.5 kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, a 2 kusan kashi 11, a 3 kuma kashi 25. Inda eriya ɗaya ce, idan ruwa ya shiga kebul ɗin turke sauyawa ba ta maganin komai, domin ta biyun ma abin da za ta tarar ke nan. Sai dai matsalar tana iya kasancewa a gajeren kebul ɗin ta farko ko a baki ɗaya na rile, don haka a bar shi ya jawo sauyi idan ya kai 3, a kuma aika ƙaramin gargaɗi tun daga 2. Tun da rilen umarni ba ya komawa da kansa, sau ɗaya kawai za a sauya.

Matsalar da babu gargaɗin da ke kama ta ita ce kurmancewar sashen karɓa, wanda tsawa kan raunana ba tare da ta kashe shi ba. Na'urar za ta ci gaba da nuna koren fitila alhali rabin gari ba ya isa gare ta, kuma awo ne kawai ke tona wannan.

Mataki na 6: Wuta da wayar ƙasa

Rifita biyu a kan caja ɗaya, batir ɗaya da fiyus ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba. Kowace ta samu cajarta, birekarta, batirinta da fiyus a kusa da kan batirin. A ce na'urar tana jan amfiya 11 lokacin watsawa da amfiya 1 lokacin saurare, kuma kashi 30 cikin ɗari na yini tana watsawa: matsakaicin jan zai zama amfiya 4, wato amfiya-awa (Ah) 96 a awa 24. Tun da ba a son batirin dalma ya sauka ƙasa da rabi, ana buƙatar Ah 200 domin yini guda. A ba ta ko-ta-kwana irin wannan girman, kuma raba baturan yana da wata riba, domin idan na ta farko ya yi ƙasa tashar za ta koma kan wanda amfiya 1 kawai ake ja daga gare shi. Wayar wutar ta zama mai kauri: a tazarar mita uku, waya mai murabba'in milimita 2.5 tana zubar da kusan rabin bolt a amfiya 11, mai murabba'in milimita 6 kuwa ba ta kai bolt 0.2 ba.

Batirin dalma ana riƙe shi a bolt 13.5 zuwa 13.8 idan zafin ɗaki digiri 25 ne, kuma ana rage kusan milibolt 18 ga kowane digirin da ya ƙaru, wato a digiri 40 na bazara a rage kusan bolt 0.27. Ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar batir da kusan rabi, don haka iskar ɗaki tana cikin lissafi. A sa abin da zai yanke lodi idan batir ya sauka zuwa bolt 10.8. Batir kaɗai ba ya riƙe doguwar ɗaukewa; a watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda babu wutar gari, kuma irin wannan sai da sola ko janareta.

Jikin na'urorin biyu, rilen eriya, dufleksa, makarin tsawa da cajoji duk a ɗaure su a sandar tagulla guda, ita kuma a haɗa ta da turakun da aka binne da ƙafar turke. A awon wannan haɗin da ƙasa a nemi om 5, kada a wuce 10, kuma a auna a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta bushe, domin awon damina yana nuna abin da ya fi gaskiya kyau.

Mataki na 7: Layin intanet

Idan tashar tana haɗe da wasu tashoshi, kowace na'ura ta samu adireshinta da bakinta a suwic ɗin intanet, suwic da rawta kuma su sha wuta daga baturan biyu. Inda wannan tashar ce uwar da sauran ke nema a adireshi guda, a bi umarnin masana'anta kan yadda mai jira za ta gaji adireshin, kuma kada na'urori biyu su taɓa zama a kunne da adireshi ɗaya a layi ɗaya.

Mataki na 8: Yadda labari zai isa ga mutane

Sauyin da ya yi kyau masu rediyo ba sa lura da shi, kuma haɗarinsa ke nan: ta farko tana iya shafe watanni a mace ba wanda ya sani, sai ranar da ta biyun ta bi ta. A aika gargaɗi ta hanyoyi biyu. Na'urorin da ke da SNMP, wato tsarin aika rahoton lafiyar na'ura ta layin intanet, a ba su adireshin kwamfutar ofis, Motorola kuma tana da manhajar RDAC don sa ido daga nesa. Sannan a haɗa wani harshe na rilen umarni da ƙaramar na'ura mai layin waya da ke tura saƙon tes, a kuma ɗora wa wani alhakin kula da kuɗin layin da hana a rufe shi. Tes ɗin ya dogara ne ga kamfanonin waya, kuma a Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni, a daidai lokacin da oba-oba ta fi amfani. Don haka a tsarin analog, idan na'urar ta yarda, a sa ta ko-ta-kwana ta riƙa yin ɗan sauti na dabam a ƙarshen kowace magana, a kuma gaya wa mai kula da ɗakin rediyo ma'anarsa.

Mataki na 9: Gwaji

A zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, a sanar da masu rediyo, a tura mutum ɗaya da rediyon hannu zuwa wuri mafi nisa da tashar ke kaiwa, a kuma sa ma'aunin wat tsakanin dufleksa da eriya. A fara da makunnin hannu: a juya zuwa kowane ɓangare, a karanta ƙarfin fita da na dawowa, na nesa ya yi magana ya faɗi yadda yake ji. A sake juyawa yayin da wani ke tsakiyar magana, a ga allurar ma'auni ta faɗi kafin a ji ƙarar rile. Sai a mayar da makunni kan kai-da-kai a cire fiyus ɗin ta farko, a ƙirga daƙiƙun da suka wuce kafin ta ko-ta-kwana ta karɓa, a duba ko tes ya iso, a mayar da fiyus a tabbatar tashar ba ta koma da kanta ba. A maimaita da zare wayar alamar lafiya, sannan a kashe ta ko-ta-kwana a tayar da gargaɗi a ta farko ta cikin manhaja, a ga cewa ba a sauya zuwa matacciya ba. A kashe wutar gari na awa guda ana kallon bolt ɗin baturan, daga bisani a kashe komai a kunna a ga a kan wacce tashar ta tashi. A ƙarshe a auna kaifin jin kowace na'ura ta cikin dufleksa, sau ɗaya watsawa a kashe, sau ɗaya a kunne. Idan bambancin ya wuce desibel 1 ko 2, a binciki gajerun kebul da daidaiton dufleksa.

Bayan an miƙa tasha, a riƙa juya aiki zuwa ta ko-ta-kwana sau ɗaya a wata a bar ta ta yi yini, a share ƙurar fanka da matatar iska a kai a kai lokacin hunturu, a sake awon ji bayan duk wata babbar tsawa. Duk sauyin da aka yi wa saitin ta farko a yi wa ta biyu a ranar, a rubuta a littafi.

Ranar da sauyi na gaske ya auku, kada a danna maɓallin maidowa da isowa. A fara karanta tarihin gargaɗin ta farko a kwamfuta, a auna ƙarfin da ke dawowa daga eriya domin a san ko laifin na na'urar ne, sannan a gwada ta cikin lodin gwaji har ta yi zafi. Idan sai an ɗauke ta zuwa gyara, a kulle makunni a kan ko-ta-kwana, a naɗe kan wayoyinta na wuta da na izini da tef, a toshe bakin sifilitar da ya rage da ƙaramin lodi mai om 50, a kuma manna takarda a jikin akwatin mai ɗauke da kwanan wata da bayanin cewa tashar tana tafiya a kan na'ura ɗaya.